Ɗakin da Sabiru Magini Ya Sayar wa Ardo

A Karakkai ba a wahalar neman Sabiru magini. Ka tsaya kawai a bakin masallaci ka kasa kunne. Duk unguwar da ka jiyo murya ɗaya tana tashi tana sauka, dariya na biye da ita, to can yake aiki. Ko kuma a ce can ya kamata yana aiki.

Gini gadonsa ne. Mahaifinsa ya yi zamaninsa yana ɗora soraye da tubali da azara a ƙauyukan Bungudu, shi kuma Sabiru da ƙafa ya fara koyon sana'ar, yana taka kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ciyawa. Da bulon siminti ya shigo bai tsaya jayayya ba, ya sayi cokalin gini da igiya ya koma birkila. Hannunsa kuwa ba a kushe shi. Bangon da ya ɗora, ko damina ta yi haukan da za ta yi, yana nan tsaye. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ya fi hannunsa sauri nesa ba kusa ba. Zai ɗauki bulo, ya ɗebo kwaɓi a cokali, sai ya tuna wani abu da ya faru a Talatar Mafara shekarun baya. Bulon na hannunsa, kwaɓin na bushewa, leburori sun kife kwanoninsu sun zauna a kan yashi, shi kuwa bai ko kai tsakiyar labarin ba.

Wani Abdu mai sayar da taki ya taɓa kiransa ginin ɗakin amarya tun ana maganar sa rana. Ranar da aka buga kwanon ɗakin, amaryar ce ta kawo wa ma'aikata kunu, da goyo a bayanta.

Duk da haka mutane ba su daina kiransa ba, don wanda ya ɗauki Sabiru ya ɗauki magini da rediyo da alƙali a haɗe. Yana sasanta maƙwabta kan iyaka. Ya san tsohuwar da ba ta son tagarta ta kalli hanya, ya san maigidan da ke son ƙofarsa ta kalli hanyar don kada wani abu ya wuce bai gani ba. Idan aka yi masa ƙorafin jinkiri sai ya gyara hula ya ce, "To ƙaƙa zan gina ma mutum ɗaki ban san shi ba? Sai na ci tuwon gidanai, na ji irin tarin da shika yi da safe, sannan in san inda taga za ta zauna."

Ya haura hamsin lokacin da Hajiya Yelwa ta buɗe masana'antarta a bayan garin Gusau, kan hanyar Bungudu. Ita da shagon siminti ta fara, ta zo ta sayi injin buga bulo, daga baya ta yi wata tafiya kudu ta ga yadda ake zuba bango ɗungurungum a mazubin ƙarfe. Ta dawo ta sayar da filayenta ta shigo da kayan. A wurinta ba a ɗora bulo kan bulo. Ana shimfiɗa rodi a cikin mazubi, a zuba kankare, inji ya girgiza shi ya zauna, idan ya bushe sai bango ya fito guda, da gurbin ƙofarsa da na tagarsa. A haɗa huɗu da noti, a sa daɓe a ƙasa da rufi a sama, a bar kunnuwan ƙarfe a kusurwoyi. Mota mai ƙugiya ta kama kunnuwan nan ta ɗora ɗaki sukutum a bayanta, ta kai wa mai shi.

Da labarin ya kai Karakkai, Sabiru ya sami abin magana na wata da watanni.

"Wanga ba gini ba na," in ji shi a majalisar mai shayi. "Tuyar waina ta. A zuba ƙullu cikin tanda, a jira shi nuna, a kwashe. Wa at taɓa kwana cikin waina?"

Aka yi ta dariya, shi ma ya ji daɗin maganar har ya riƙa maimaita ta a gidajen suna da na zaman makoki.

Sai wani ɗan garin ya yi odar shago daga wurin Hajiya Yelwa. Ranar da za a kawo, Sabiru ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin darbejiyar da ke kallon filin, da niyyar ya zauna kwana da kwanaki yana nuna wa jama'a kurakurai. Motar ta iso da hantsi. Sabiru ya fara ba da labarin wani soro da mahaifinsa ya gina, don a ga bambanci. Bai gama bayanin yadda aka saro azarar ba, ya waiwaya ya ga babu kowa a tabarmar. Duk suna can suna sayen sabulu a cikin shagon.

Daga nan aiki ya fara ja da baya. Masu shaguna suka koma wurin Hajiya, masu katanga suka bi su, har masu ɗakin amarya, waɗanda suka ji labarin Abdu mai taki. Sabiru ya koma yini a gida. Tunda kuwa babu leburori babu masu wucewa, sai duk labaran suka koma kan matarsa Sadiya. Tana daka yana tsaye a kanta, tana tankaɗe ya jawo kujera, ta shiga madafa ya tsuguna a ƙofa. Ta yi haƙuri har aka yi girbi. Wata safiya ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, kunnuwana biyu na, kuma duk sun cika. Ka tai Gusau wurin mai wainar nan ka nemi aiki. In ba ta ɗauke ka ba, ka ba ta labari har ta ɗauke ka."

Ya yi fushi na yini ɗaya, washegari ya hau mota.

Hajiya Yelwa mace ce da ke auna magana kamar mai sayar da gishiri. Ta dube shi ta ce, "Mi ka iya?" Sabiru ya gyara zama ya fara daga kakansa. Bai iso kan mahaifinsa ba ta ɗaga hannu.

"Gobe da safe. Ka nemi Rabi'u."

Rabi'u shi ne shugaban ma'aikata. Ya ba Sabiru hular kwano, Sabiru ya ɗora ta a kan hularsa ta zanna don ya ce shi bai taɓa yin aiki kai babu hula ba. Aka kai shi gaban wani mazubi aka ce aikinsa ke nan: idan an zuba kankare, inji ya gama girgiza shi, ya bi da cokali ya shafe fuskar ta yi sumul. In ya gama a janye, a kawo wani.

"Wanga bangon wane na?" ya tambaya.

"Na wanda ya saya," in ji Rabi'u.

"Gabas za shi kallo ko yamma?"

"Baba, bangon hagu na. Kullum bangon hagu za ka yi."

Haka Sabiru, wanda ya ɗora gidaje tun daga tushe har rufi, ya koma mai bangon hagu. Wannan bai dame shi ba kamar ƙarar wurin. Janareto na ruri, injin kwaɓi na juyi, teburin girgiza na kaɗa haƙoran mutum. Ya juya wajen na kusa da shi ya ba da labari mai daɗi tun daga farko har ƙarshe, mutumin ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Ga jiniya, ita ke cewa a fara, ita ke cewa a tafi salla, ita ke cewa a dawo. Babu maigidan da zai fito da fura, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce sannu. Sabiru ya rame. Da ya rasa abokin hira, sai ya koma yi wa bangon magana. Tunda ba mai ji, sai ya riƙa sakin murya iyakar ƙarfinsa.

Wata rana da rana tsaka janareto ya shaƙe ya mutu. Wurin ya yi tsit lokaci guda, ban da murya ɗaya da ta cika rumfar har tana amsa-kuwa.

"...kai ko gwarzo na! Ruwa shi buge ka shi koma, gara ta lasa ta karye haƙori! Allah shi haɗa ka da maigida mai haƙuri, wanda ba ya buga ƙusa bisa ƙusa, da ɗiyan da ba su zane da gawayi!"

Ya ɗago kai ya ga ma'aikata duka suna kallonsa. A bayansu ga Hajiya Yelwa tsaye da wani baƙo mai babbar riga da ta kawo zagaye, wanda tun safe yake ta jan ƙafa kan ko ya saya ko kada ya saya. Baƙon ya yi dariya har ya dafa mazubi, ya ce shi dai a sa masa wannan bangon da aka yi wa addu'a a cikin odarsa.

Da baƙon ya tafi Hajiya ta kira Sabiru. Ya je yana shirya jawabin ban-kwana.

"Wanga baki asara na cikin ƙara," ta ce. "Cire hular kwano. Kasuwa za ka."

Aka ɗora ɗaki guda a bayan mota mai ƙugiya don nuni, aka ba shi lasifika, aka haɗa shi da direba, wani dattijo mai suna Haruna wanda ke iya yini bai ce uffan ba. Suka riƙa bin kasuwanni. Mutumin da ya shekara yana zagin ɗakin waina, yanzu da ƙarfin da ya zage shi da shi yake yabonsa. Idan wani ɗan Karakkai ya tuna masa tsohuwar maganarsa, sai ya ce, "To ai ban ce wainar ba ta da daɗi ba." Oda ta riƙa shigowa. Sadiya ma ta sami sauƙi, don yana dawowa gida murya a dushe.

Gab da faɗuwar damina suka je kasuwar Tsafe. Haruna ya tsayar da motar a bakin titin Funtua, jama'a suka taru, 'yan acaɓa suka kashe babura. Sabiru ya hau bayan motar ya dafa ɗakin kamar mai tallan bijimi. Ya yabi ƙofar, ya yabi tagar, ya buga bangon da dutse ya ce a saurari sautinsa. Ya sa Haruna ya ɗaga ɗakin da ƙugiya ya juya shi a iska ya mayar. Jama'a suka ɗauki sowa, sowar kuwa ta hau masa kai.

A gefe akwai wani dogon dattijo, sanda a gicciye a kafaɗa, malafa a ka, bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Ardo Hamidu ke nan, makiyayi, wanda rugarsa ke kusa da Ruwan Bore. Da hayaniya ta lafa ya matso.

"Magini, ka ce ana ɗaukar shi?"

"Awa faifai bisa ƙwarya, Ardo!"

"In an aje shi, ana sake ɗauka?"

"Ko yaushe ka so, ko ina ka so! Kai dai aiko. In ka tashi, ɗaki shi biyo ka awa ɗan maraƙi!"

Ardo ya juya ya dubi taron a tsanake. "Jama'a, kun jiya?"

Aka ce an ji. Haruna ya dubi Sabiru ta madubi.

Cikin satin Ardo ya sayar da bijimai ya zo Gusau ya biya. Aka kai ɗakin rugar aka aje a kan wani tudu kusa da garke. Ardo ya ce na mahaifiyarsa ne, Inna Tambaya, wadda shekaru suka ja kuma bukkarta ke yoyo. Sabiru ya sha nono, ya yi wa ɗakin addu'a, ya dawo ya manta da zancen.

Damina ta wuce, aka yanke gero aka yanke dawa, shanu suka cinye karan gonaki. Wata safiya sai ga Ardo Hamidu a ƙofar masana'anta, da sandarsa. Ya gaida Hajiya Yelwa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da ma'aikata da injuna, sannan ya ce, "Mun tashi. Za mu fadama, bakin gulbi wajen Bungudu. A zo a ɗauki ɗaki."

Hajiya ta ce a kira Sabiru.

"Ka ce ma Ardo ɗaki za shi bi shi?"

"Hajiya, ai kin san maganar kasuwa, akan ɗan sa mata gishiri..."

"Awa ɗan maraƙi," in ji Ardo. "Gaban mutanen Tsafe."

Hajiya ta zuba wa Sabiru ido har ya fara lissafa sunayen 'ya'yansa a zuci. Sannan ta ce, "Bakin kamfani ya yi magana, kamfani ya yi magana. Za a ɗauka. Kai kuma da kai za a tai."

Suka fita da sassafe, don hanyar ba wadda ake son yamma ta riski mutum a kanta ba ce. Motar ta bar kwalta ta shiga burtali, tana gurnani tana tangaɗi. Da suka isa sun tarar ruga ta gama shiri. An kwance bukkoki, an ɗaure sanduna da tabarmi a bayan jakuna da bijimai, samari sun riga sun kora manyan shanu gaba. Abu ɗaya ne ya rage a tsaye, ɗakin nan a kan tudunsa, ƙofa a buɗe. A ciki kuwa ga Inna Tambaya zaune a kan gado, ƙorenta a jere a bango tun daga babba har ƙarama, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Haruna ya juya motar ya sauko da ƙugiya. Tsohuwa ba ta motsa ba.

Ardo ya ja Sabiru gefe. Shi ɗan fari ne, tsakaninsa da mahaifiyarsa akwai kunya, ko sunansa ba ta faɗa, balle ya tsaya yana gardama da ita gaban mutane. "Tun jiya anka ce mata ta fito, ta ƙiya," ya ce a hankali. "Kai ka sayar, kai ka da baki. Tai ka yi mata magana."

Sabiru ya ji kansa ya ƙara girma. Ya gyara riga ya je ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Inna, ina kwana? Ni na Sabiru magini, wanda ya kawo miki wanga ɗaki. Wato abin da ya sa munka zo..."

"Na gane ka," in ji ta. "Kai na mai surutun nan. Zauna."

Ya zauna. Daga nan bai sake samun gurbin jefa kalma ba.

Inna Tambaya ta fara da bukkar da aka haife ta a ciki, a wani daji da yanzu ya zama gonaki. Ta bi da wadda ta kafa da hannunta ranar da aka kai ta gidan miji, da wadda iska ta ɗauke da ita da tukunyar miya, da wadda maciji ya riga ta shiga. Ta faɗi inda ta haifi kowane ɗa, da sunan saniyar da ta haihu a wannan makon. Sabiru ya ja numfashi zai shigo, ta ce, "Tsaya, ban kai nan ba." Ya ɗaga yatsa, ta miƙa masa ƙwaryar nono ta ce ya sha. Kafin ya sauke ƙwaryar daga baki ta shiga wata shekarar.

Haruna, wanda ya yi watanni yana jin muryar Sabiru daga safe har yamma, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota ya kwanta, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Can dai tsohuwa ta tsaya gyara ɗankwali, Sabiru ya yi wuf.

"Inna, ɗan lokaci kaɗan na. Ki fito, a ɗora ɗaki, can fadama a sauke, ki koma abinki."

"In za ku ɗauka, ku ɗauka da ni ciki."

Haruna ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce shi ƙugiyarsa ba ta ɗaga ɗaki da mutum a ciki, ko da Hajiya ce da kanta ta ce.

"To ka ji," in ji tsohuwa. "Direba ya fi ka hankali."

Rana ta take tsaka. Sabiru ya yi dabara ya ce, "Inna, azahar ta gabato, ki fito ki yi alwala."

"Na yi tun asuba, kuma ina riƙe da ita. Na san za ku zo."

Ya zauna yana kallon ƙafafunsa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Da ta ga ya yi laushi sai ta sassauta murya. Ta nuna masa tafin hannunta, duk kanta da tabo. Ta ce tun tana budurwa take lanƙwasa sanduna tana ɗaurewa, ta kwance, ta ɗora wa jaki, ta sauke, ta sake lanƙwasawa. Bana ce damina ta farko da ta kwana tana jin ruwa a waje ba a kan zanenta ba. Ta ce ya leƙa bayan ɗaki. Ya leƙa, ya ga ta dasa zogale har ya kai ƙugu, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

"Shi ma ƙugiyarku na ɗaukar shi?" ta ce.

Sabiru ya tashi ya je wurin Ardo. Ya yi masa jawabi mafi gajarta a rayuwarsa.

"Ardo, ɗakin na ɗaukuwa. Mai ɗakin ta ba ta ɗaukuwa."

Ardo ya dogara da sanda ya daɗe yana kallon tudun. Ya kira matarsa suka yi magana da Fulatanci. A ƙarshe aka shirya cewa ita da ƙananan yara da 'yan shanun tatsa za su zauna da tsohuwa, ga rijiya kusa, ga mutanen Ruwan Bore da aka saba da su. Shi da samari za su fadama su riƙa zagayowa. Aka sauke wasu sandunan daga bayan jakuna aka fara mayar da bukka.

Sabiru ya yi hamdala ya nufi mota.

"Magini," in ji Ardo. "Ina za ka? Alkawarin ɗauka anka yi. Motar ga ba ta komawa wofi."

Ya ce akwai maruƙa da ba za su iya doguwar tafiya ba, da tumaki masu ciki, da wata tsohuwar saniya mai ɗingishi wadda shi ba ya rabuwa da ita. Sabiru ya dubi Haruna, Haruna ya dubi sama. Aka kawo igiyoyi da buhuna aka yi wa saniyar majanyi a ciki, ƙugiyar da aka saya don ɗaga bango ta ɗaga ta sama tana kuka tana harbin iska, yara na tsalle suna tafi. Aka gitta sanduna a gefen motar, aka loda maruƙa da tumaki, aka ƙara da akurkin kaji. Ardo ya shiga gaba kusa da direba, don ya ce shi zai nuna hanya. Sabiru aka ce ya hau baya ya riƙe saniya.

Hanyar fadamar kuwa dole ta ratsa Gusau, ta bi ta ƙofar masana'anta. Suka iso daidai lokacin da jiniya ta tashi ma'aikata, kowa na bakin ƙofa. Hajiya Yelwa na tsaye tana sallamar wata tifar yashi. Ta ga motarta, da sunan kamfaninta rubuce a ƙofa, ta taho a hankali tana kukan tumaki. A baya ga mai tallanta zaune cikin kashin shanu, hannu ɗaya a wuyan saniya, ɗan maraƙi na tsotsar gefen rigarsa.

Haruna ya taka birki. Hajiya ta zagaya motar sau ɗaya.

"Ina ɗakin?"

"Ya ƙi tashi, Hajiya."

Ta dubi saniyar, saniyar ta dube ta. Ma'aikata suka toshe baki da huluna. Rabi'u ya rantse daga baya cewa ya ga gefen bakin Hajiya ya motsa, amma ba wanda ya goyi bayansa.

"Ku kai su," ta ce. "A wanke min mota kafin a dawo."

Sabiru ya kwana da tabbacin aikinsa ya ƙare. Da safe Hajiya ta sa ya ba ta labarin tun daga farko, kuma a karon nan ba ta ɗaga hannu ba har ya gama. Tambaya ɗaya ta yi: mutum nawa ne a ƙasar nan ke buƙatar ɗaki na rani kawai, ko na damina kawai? Sabiru ya fara zayyano mata su, don duk ya san su: masu noman albasa da tumatir a fadama da ke kwana gadin gona, masu awon hatsi lokacin kaka, 'yan kwangilar hanya, masu cajin waya da ke bin kasuwanni. Kafin rani ya ƙare masana'antar ta fara zuba wasu ƙananan ɗakuna marasa nauyi, na haya. A kai maka, in ka gama a zo a ɗauke, kuma kowace ɗauka da ladanta, an faɗa maka tun farko. Ardo Hamidu na cikin waɗanda suka fara karɓa, ya aje nasa a bakin gulbi. Na tudun Ruwan Bore kuwa yana nan inda yake, har an ƙara masa biyu a gefe.

Shi Sabiru ba a kore shi ba, amma an sa masa doka. Hajiya ta ce duk lokacin da yake talla, Haruna ya zauna a mota hannunsa a kan hon. Da zarar magana ta fara wuce abin da kamfani zai iya, ya danna. Da farko Sabiru ya ji haushi, daga baya ya saba, har abin ya zama wani ɓangare na tallan. Mutane kan taru musamman don su ji inda za a danna. Zai ce, "Wanga ɗaki shekara ɗari..." sai a ji fiiim, sai ya ce, "...in Allah ya so, in an kula da shi." Kasuwa ta kwashe da dariya, masu saye su matso.

Haka suke har yau, shi da Haruna, daga Tsafe zuwa Bungudu. Sau ɗaya aka sami matsala. Wata ranar kasuwa a Bungudu wayar hon ta tsinke, Haruna ya danna hon ya ji shiru. Ya sake dannawa, ya buga da hannu biyu, shiru. Ya buɗe ƙofa ya diro, ya ratsa taro da gudu yana ɗaga hula, amma kafin ya iso Sabiru ya riga ya tabbatar wa wani masunci mai suna Yusha'u, gaban shaidu, cewa ɗakin ko a gulbi aka aje shi ba ya nutsewa.

Da labari ya kai wa Hajiya, ta sa aka ɗaura wa motar hon biyu, kowanne da wayarsa. Yusha'u kuwa duk shekara idan gulbi ya kawo, yakan zo masana'anta ya zauna a benci ya ce shi a shirye yake a gwada. Sabiru, in ya hango shi daga nesa, sai ya tuna yana da aiki a bayan rumfa.